Ɗinkin Hula da Hannu: Daga Awon Kai Zuwa Wanki

Sau da yawa mai koyo zai shafe wata guda yana ɗinka hula, ado ya fito tsaf, a haɗa a kai wa mai ita, sai ta tsaya masa a tsakar ka ta ƙi shiga. Akan ɗora laifin a kan mai haɗawa, alhali tun ran gini tun ran zane. Ɗinki yana cin yadi. Kowane sukan allura yana jan saƙar yadin ya matse ta kaɗan, idan suka ya kai dubbai sai a tarar inci guda ko fiye ya tafi. Wanda ya gane wannan, ya kuma koyi daidaita jan zare a hannunsa, ya ci rabin aikin.

Huluna iri-iri ne: akwai ƙube, akwai damanga, akwai Zanna Bukar da ake dangantawa da Zanna Bukar Dipcharima, ministan nan ɗan Borno na Jamhuriya ta Farko, akwai kuma 'yar Bama da ta yi suna wajen ƙanƙantar suka da cikar aiki. Adonsu ya bambanta, amma gininsu kusan ɗaya ne: doguwar tsiri da ke zagaye kai, wato jikin hula, da zagayayyen ƙyalle da ke rufe sama. Wannan ginin za a bi a nan.

Kayan aiki

Yadi ɗaya na farin auduga mai matsattsiyar saƙa ya ishi hula guda har da abin gwaji. Alawayyo mai kyau ko fafilin na auduga zalla sun fi daɗin allura. Yadin da roba ta yi wa yawa yana santsi, ramin da aka huda a jikinsa yana komawa ya rufe, kuma ba ya shan sitaci yadda ake so. Kafin a sa almakashi, a jiƙa yadin a ruwan zafi, a wanke ƙanzon sitacin kamfani, a shanya, a goge. Auduga tana shiga, wato tana tsukewa, a wankin farko. Gara ta shiga yanzu da ta shiga bayan an ɗinke ta.

Zare iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙyalli da ake kira siliki, wanda yawancinsa na masana'anta ne ba silikin asali ba, akwai kuma na auduga. Irin na kamfanonin DMC da Anchor ɗaurinsa mita 8 ne, sili 6 a murɗe tare, ana rabawa a ɗauki sili biyu ko uku. Mai koyo ya fara da na auduga, don yana zama inda aka ajiye shi. Siliki ya fi haske a ido amma yana zamewa, yana harɗewa, kuma yana yin rauni idan ya jiƙe. A da manyan masu aikin riga da zaren tsamiya da alharini suke yi, yanzu sai an tona kafin a same su.

Araha ba ta ado, musamman a zare ja, da baƙi, da shuɗi mai duhu. Kowane launi aka saya, a yanki ɗan guntu, a jiƙa shi da ruwan sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle a bar shi minti goma. Idan ya bar shaida, zai zuba a hula ranar wankin farko ya ɓata farin da ke kusa da shi, kuma babu gyara. A kuma sayi kowane launi gaba ɗaya a lokaci guda, domin lambar launi ɗaya ma takan ɗan bambanta daga rini zuwa rini, kuma bambancin ya fi fitowa a rana, a kan mutum, inda kowa ke gani.

Allura mai dogon ido, lamba 7 ko 8, ta dace da sili biyu. Lambar allura idan ta hau, siranta take yi. Allurar da ta yi wa zare siranta ba ta buɗa masa hanya, sai ya riƙa gogar yadi yana yin gashi. Sauran kaya: ƙaramin almakashi mai tsini, tef na awo, rula, fensir mai tauri, da abin huda. Basilla tana yi, ƙayar beguwa ma tana yi ga wanda ya samu.

Awo da gwaji

A zagaya tef a kan mai hular daidai inda yake son ta zauna, kamar yatsa ɗaya ko biyu sama da gira. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin inci 21 da 23. A ƙara kwatan inci saboda kaurin yadi da shafi, tunda cikin hula ya fi wajenta ƙunci. Tsayi kuwa ra'ayi ne, inci 4 zuwa 5 aka fi yi.

Daga nan sai gwaji, kuma shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa don yana cin kwana biyu ba a ga hula ba. A ninka yadi biyu kamar yadda za a yi wa hular, a zana fili mai tsawon inci 4 da faɗin inci 2, a cike shi da irin adon da za a yi, da zaren da za a yi amfani da shi. A rubuta yawan zaren da ya ci. Idan an gama a wanke, a bari ya bushe, a sake aunawa. A ce inci 4 ya koma 3 da kwata uku. Ke nan duk inci huɗu na asarar kwata, don haka hular inci 22 sai an zana ta a kan inci 23 da rabi. Wani hannun ba ya cin ko rabin haka, wani ya fi. Ba wanda zai faɗa wa mutum lissafin hannunsa, sai ya auna da kansa.

Gwajin nan kuma shi ke faɗin yawan zaren da za a saya. Jikin hula mai inci 23 da rabi a 4 da rabi, haɗe da sama mai faɗin inci 7, ya kai kusan ninki 18 na filin gwajin. A ninka zaren da gwaji ya ci sau 20, a bar rara.

Yanka da zane

A yanki tsiri biyu, kowanne inci 27 a 8, wato an bar rarar kusan inci biyu ta kowane gefe. A yanke su a tsawon yadi, su bi bakin saƙa, domin ta nan yadi bai cika miƙewa ba. Don layi ya tafi sak, a zare sili ɗaya daga saƙar a bi gurbinsa da almakashi. Idan an yanka a karkace, hula za ta murɗe bayan wanki, layin haɗi ya koma kamar an juya shi, kuma guga ba ta miƙar da shi.

A ɗora tsiri ɗaya kan ɗaya, a riƙe su da manyan suka na tsallake da farin zaren keke: layi ɗaya a tsakiya ta tsawo, sannan layuka a tsaye duk bayan inci biyu. Idan ba a yi haka ba, na ƙasa zai riƙa gudu yana tattarewa, sai an yi nisa a juya baya a ga ƙulli-ƙullin yadi an ɗinke su ciki. Bakin yadin kuma a bi shi da suka ko a kalmashe shi, kada ya yi ta zarewa yana kama zare.

Masu zayyana na asali da alƙalamin kara da tawada suke zana wa masu ɗinki, kuma har yanzu a Zariya da Kano da Maiduguri ana iya sayen hula zananniya a ɗinka kawai. Wanda zai zana da kansa ya guji biro, domin tawadarsa tana narkewa ta bi zare. Fensir mai tauri, da hannu marar nauyi, ya wadatar. A fara fitar da iyakar fili, sannan a raba shi gida-gida daidai wa daida. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanki takarda mai tsawon filin, a ninka ta biyu, a sake ninkawa, a sake, ta ba da gida takwas ba tare da lissafi ba. A zana adon gida ɗaya a takarda mai layukan murabba'i, a maimaita shi a sauran. Abin lura shi ne ƙarshen gida na takwas ya haɗu da farkon gida na ɗaya, saboda nan ne za a haɗe hular. A naɗe takardar a haɗa bakinta biyu a duba tun kafin a taɓa yadi.

Idan za a sa dagi, wato ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa, a zana shi kamar igiya mai gefe biyu, kuma a kowace mahaɗa a sa alamar wadda ta hau da wadda ta shige ƙasa. Ƙa'idarsa ɗaya: sama, ƙasa, sama, ƙasa, har a dawo inda aka fara. Idan igiya ta hau sau biyu a jere, dagin ya mutu, ko wanda bai san ɗinki ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Riƙon zare

Tsawon zare kamu ɗaya, daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Na siliki ma a rage. Dogon zare yana wucewa ta yadi sau da yawa, kafin a kai ƙarshensa ya dushe ya sirance, sai a ga ado yana haske a wani wuri yana mutuwa a wani. Wajen raba sili, a kama ɗaya a ja shi sama shi kaɗai, sannan a ja na biyu, a haɗa su. Wanda ya ja biyu tare zai sha kwance ƙulli. Siliki idan ya cika taurin kai, a bi shi da ɗan danshi a yatsa ko soso, zai kwanta.

Kada a ƙulla bakin zare. Ƙulli yana danna goshi, yana kuma kwancewa a hannun mai wanki. Idan sili biyu ake so, a yanki sili ɗaya mai kamu biyu, a ninka, a zura bakuna biyun a idon allura. A fito daga baya, a koma, a ratsa allura ta cikin madaukin da ya rage a bayan, a ja, ya kama ke nan. Wajen ƙarewa kuma a cusa allura ƙarƙashin suka huɗu ko biyar na baya, a dawo ƙarƙashin biyu, a yanke. Duk bayan 'yan suka a saki allura ta yi lilo, murɗin da ya taru ya warware.

Masu hula na gargajiya a hannu suke riƙe yadi, a naɗe a yatsa. Mai koyo zai iya sa zoben katako mai ɗaure yadi, ƙarami mai inci 4 ko 5, yana matsar da shi. Amma a cire shi duk lokacin da aka tashi, in ba haka ba zai bar zobe na datti kuma ya danne aikin da aka gama.

Ire-iren suka

Sunayensu suna canzawa daga gari zuwa gari, amma guda uku ne ke ɗauke da yawancin aikin.

Sarƙa ita ce ta fitar da layi da iyakar ado. A fito da allura, a mayar da ita cikin ramin da ta fito, a fito gaba da milimita 2 zuwa 3, zare yana ƙarƙashin bakin allura, a ja zuwa gaba. Jan ya tsaya da zarar madaukin ya kwanta. Idan aka ƙara, zoben zai rufe ya zama kamar igiya, yadi kuma ya tattare a gefensa. A wurin lanƙwasa a ƙanƙanta suka. A kusurwa a ɗaure zoben ƙarshe da ɗan gajeren suka, a fara sabo ta ɗaya ɓangaren, in ba haka ba kusurwar za ta zama gwiwa. Zoben ƙarshe na kowane layi dole a ɗaure shi, domin sarƙa idan ta sami baki a buɗe, ja ɗaya ke warware ta gaba ɗaya.

Ido, wato 'yan ramukan nan da ake zagayewa da zare, shi ne ke cin lokaci, shi ne kuma ke nuna gwani. Hudawa ake yi, ba yankawa ba. Basilla tana ture zaren saƙa gefe ba tare da ta tsinka shi ba, shi ya sa ramin ke daɗewa. Wanda aka yanka da almakashi zai yi kyau a ranar, bayan wanki biyu ya yage ya haɗe da maƙwabcinsa. A huda, a fito da allura kamar milimita ɗaya da rabi daga bakin ramin, a shiga cikin ramin, a fito kusa da sukan farko, a sake shiga ramin, haka har a zagayo. Suka 8 zuwa 12 sun isa ƙaramin ido. Allura kullum ta ramin take sauka, ba ta ramin take fitowa ba, don idan ta fito ta nan tana tsaga zaren da aka riga aka kwantar. A nan ana ɗan jan zare fiye da na sarƙa, zuwa waje, saboda jan ne ke buɗe idon. Abin da ake nema shi ne ja iri ɗaya a kowane ido, da zagaye ta fuska ɗaya, ko duk dama ko duk hagu. Idan aka cakuɗa, haske zai faɗo musu daban-daban, fili ɗaya ya zama kamar launi biyu. An gama ido, a sake zura basilla a juya ta sau ɗaya ya zama kewayayye. Kada a huda ramuka da yawa a gaba, biyar ko shida sun isa, sauran za su rufe kafin a iso su. Kuma tunda ido ne ya fi kowane suka cin yadi, hular da aka cike da shi ita ce ta fi buƙatar gwajin da aka ambata.

Cike shi ne a kwantar da zare gefe da gefe har a rufe fili. A fara zagaye filin da ƙananan suka, sannan a fara cikewa daga tsakiya zuwa gefe ɗaya, a dawo a yi ɗayan, don karkatar zaren ta zama ɗaya. Kowane suka ya haye layin iyakar. Tsawonsa kada ya wuce milimita 7 ko 8, domin hula tana shan buroshi, dogon suka kuwa shi buroshi ke fara kamawa. Fili mai faɗi a raba shi biyu ko uku. Masu tsimin zare sukan fito da allura dab da inda ta shiga don kada zare ya zagaya ta baya. Zaren yana raguwa, gaskiya ne, amma gefen adon yana tashi kuma ba ya yin sumul.

Tsarin tafiya: a fara da layukan iyaka na sama da ƙasa, sannan sarƙar duk gidaje, sannan cikewa. Launi mai haske kafin mai duhu. Kada a tsallaka da zare ta baya fiye da rabin santimita, musamman baƙi a bayan fari, ko ta bayan ido inda za a hango shi. Duk gidan da aka gama a sa tef a auna. Idan na farko ya ba da inci 2 da kwata uku, na huɗu ya ba da 2 da rabi, hannu ya fara tsauri, yawanci gajiya ce ko sauri. A ajiye a huta.

Tsabta ma aiki ce. Gumin bazara, man shafawa, manja, goro, sabon lalle, duk suna kama farin yadi. Da hunturu kuma kaushin hannu yana fizgar siliki ya tayar masa da gashi, sai a shafa mai da dare a wanke hannu da safe kafin a zauna. Ɓangaren da aka gama a naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle a kama da fil. Allura ta soki yatsa jini ya ɗiga, a sa ruwan sanyi nan take, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Kada a kwana da allura soke a cikin ado, da damina dare biyu ya isa ta bar tsatsa. Zaɓen launi kuma a yi shi da hasken rana, fitila tana sa shuɗi mai duhu da baƙi su zama ɗaya.

Saman hula da haɗawa

A bar saman sai jiki ya kammala, saboda awonsa daga jikin ake ɗauka. A auna tsawon jikin da aka gama, a raba da 3.14. Inci 22 zai ba da faɗin inci 7, inci 23 ya ba da 7 da sulusi. A ƙara abin da ɗinki zai ci gwargwadon gwaji. A yanki ƙyalle biyu inci 10 a 10, a riƙe su tare, a zana da'irar da fensir ɗaure a zare ko da murfin kwano mai wannan faɗin. Ana ɗinka shi daga cibiya zuwa waje, zobe bayan zobe, kuma ba a yanke da'irar sai an gama. Idan ja ya yi yawa a zobban waje, zai kumbura kamar ƙoƙo. Idan tsakiya ce ta matse waje ya yi sako-sako, bakin zai yi ta lanƙwasa kamar faifan da ya sha ruwa. Duk bayan zobe biyu a shimfiɗa shi a kan tebur a ga ko ya kwanta.

A zare zaren riƙo, a rage rarar yadi a bar rabin inci ta kowane gefe. A haɗa bakin jikin biyu, fuska na kallon fuska, a soke fil a kowane layin ado don su haɗu, a ɗinke da ƙananan suka masu komawa baya, a buɗe rarar a danne. A gwada a kai tun a nan, lokacin da gyara ke da sauƙi. Sannan a raba bakin jikin gida huɗu, a raba da'irar gida huɗu, a haɗa alama da alama, a kama tsakaninsu, a ɗinke. Wanda ya fara daga wuri ɗaya ya yi ta zagayawa ba alama, zai iso ƙarshe da rarar yadi a hannu ba wurin sa ta. Daga ƙarshe a sa shafi na siririn yadi a ciki ya rufe bayan ɗinki, a kalmashe bakin ƙasa a kama shi da shafin. Shafin ya ɗan fi jikin ƙanƙanta, in ba haka ba zai tattare a ciki.

Wankin farko a yi shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba bilic, ba murɗewa. A matse ruwan cikin tawul. Mai wankin hula zai sa mata sitaci ya ɗora ta a kan katakon da ya dace da lambarta ta bushe, a nan take samun tsayuwarta. A faɗa masa lambar da baki, kada a bar shi ya ƙiyasta, domin katako mai girma yana buɗa ɗinkin haɗi, ƙarami kuma yana barin ta ta shige. A gida, tukunya ko gwangwani mai kewayen da ya yi daidai, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, zai yi aikin. A shanya a inuwa mai iska idan akwai ja ko shuɗi a jiki. Guga ta ciki ake yi, a kan tawul, don kada ado ya mutu, kuma idan dutsen gawayi ne a sa ƙyalle a tsakani saboda tartsatsi.